DARASI: Salula Ta Ce Awa 40, Shanu Kwana Nawa Za Su Yi?

Darasinmu na wannan fitowa a kan lissafin kwanakin hanya ne. Dalili kuwa, yanzu da wuya ka shiga kara ka sami matashi wanda ba ya da salula mai taswira a aljihunsa. Ka ce za a kora shanu daga gari kaza zuwa gari kaza, kafin ka rufe baki ya latsa ya ce maka, "Alhaji, awa 40 ce." Dattawa su yi tsaki, yara kuma su ce ai tauraron ɗan Adam ba ya ƙarya. Gardamar ba ta da daɗi, domin dukiya ce a tsakiya. Wanda ya yi alkawarin biyan bashi ranar kasuwa bisa awa 40 ɗin nan, shi ne zai ji a jikinsa. Saboda haka bari mu buɗe cikin wannan na'ura mu ga yadda take lissafinta, sa'an nan mu ga inda za ta amfane mu.

Daga ina awa 40 ta fito?

Duk manhajar da ke ƙiyasta lokacin tafiyar ƙasa, akwai ƙa'idar lissafi a cikinta, kuma yawancin ƙa'idojin nan masu hawan duwatsu na ƙasashen Turai ne suka kafa su don bukatar kansu. Tsohuwar cikinsu ita ce ta William Naismith, wani mutumin Sukotlan, arewa da Ingila, wanda ya rubuta ta a 1892. Ya ce a ba mutum awa 1 a kan kowace mil 3, wato kusan kilomita 5, sa'an nan a ƙara masa awa 1 a kan kowace mita 600 da zai hau sama. Iyakar ƙa'idar ke nan. Mutumin da Naismith yake nufi lafiyayye ne, ƙaƙƙarfa, a kan hanya mai kyau, kuma ba a sa masa lokacin hutu ko cin abinci a ciki ba.

Bayan shekara 101, wato a 1993, wani malamin ilmin taswira a Amurka mai suna Waldo Tobler ya fitar da tasa, ya gina ta a kan awon da aka yi a duwatsun ƙasar Suwis. A lissafinsa mutum yana cin kilomita 5 a awa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan akwai 'yar gangara kaɗan ya kai kilomita 6, idan gangarar ta yi tsanani ko hawa ya miƙe sai saurin ya faɗi. Akwai kuma wani abu da ya ƙara wanda ya fi shafarmu: ya ce in an bar hanya an shiga daji, a ɗauki kashi 3 cikin 5 na saurin kawai. Ke nan kilomita 5 ta koma 3.

Ta uku ita ce ta Werner Munter, jagoran masu hawan dutse a Suwis. Shi ya mai da komai awo ɗaya: kilomita 1 ta tafiya awo 1 ce, hawan mita 100 ma awo 1 ce. Sai a tara awon duka a raba da 4 in hawa ake yi, da 6 in ƙasa a shimfiɗe take ko gangara ce, da 2 in ana kutsawa cikin sarƙaƙiya. Manhajar CalTopo ta Amurka, wadda masu yawon daji da masu neman waɗanda suka ɓata a duwatsu ke aiki da ita, irin wannan lissafi take bi. Ita kuwa Google Maps da yaranmu suka fi latsawa, in ka zaɓi hoton mai tafiya da ƙafa, kusan kilomita 5 a awa take ba ka.

To kun ga inda awa 40 ta fito. Kilomita 200 ce aka raba da 5. Amsa ce ta mutum ɗaya mai jaka a baya, wanda ba ya kiwo, ba ya tuƙa, ba ya jiran layi a bakin rijiya.

Amma fa kada mu raina abin. Abubuwa biyu salula ta fi mu sani, nesa ba kusa ba. Na farko tsawon hanya. Mu da kakanninmu da zango muke awo, zango kuwa wani ya fi wani tsawo, kuma in ka tambayi mutum uku nisan wuri sai ka ji amsa uku. Salula tana karɓar saƙo daga taurarin GPS, tana sanin inda take da kuskuren 'yan mitoci, kuma wannan ba ya bukatar rezo ko kuɗin kira. Na biyu tudu da kwari. A watan Fabrairu na 2000 wani kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna tsawon ƙasa a mafi yawan duniya, har da ƙasashenmu duka, kuma manhajoji da yawa da wannan awo suke zana hawa da gangara. Ga mai kora a rairayin Damagaram wannan bai dame shi sosai ba. Amma 'yan'uwanmu na Kamaru sun san abin da muke faɗi: tsakanin Garwa da Ngaundere akwai bambancin tsawo sama da mita 800. A awon Munter, wannan hawa kaɗai kamar an ƙara maka kilomita 8 ne a hanya. Haka masu hawa Mambila, haka masu ratsa duwatsun Adar.

Saniya ba mutum ba ce

Garken fatauci ba ya tafiya don ya isa kawai. Tilas ya isa da namansa, domin naman ne za mu sayar. Saniya tana bukatar kusan awa 8 na kiwo a yini, da wasu awoyi na kwanciya tana tuƙa. In ka hana ta waɗannan ka ba hanya, za ta yi tafiyar, amma daga tozonta da ƙugunta za ta biya kuɗin. Garken da ke tafiya yana ɗan tsinkar ciyawa, kilomita 2 da rabi zuwa 3 yake ci a awa. Awoyin tafiya kuma ba su wuce 6 ko 7: daga asuba zuwa hantsi ya ɗaga, sai a nemi inuwa, sa'an nan daga la'asar zuwa magariba. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce awo 40, tsakar rana haramiyar tafiya ce ga mai son dukiyarsa. In ka haɗa, kilomita 15 zuwa 20 ke nan a yini.

Wannan ba ragwancin masu korarmu ba ne. Fataken Amurka da suka riƙa kora shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas tun daga 1867, mil 10 zuwa 15 suke yi a yini, wato kilomita 16 zuwa 24, alhali a kan dawaki suke. Sun san za a iya yin mil 25, sun kuma san cewa shanun da aka yi wa haka ƙashi da fata suke isa kasuwa. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana.

Sa'an nan garke ba shi da saurin kansa, saurin mafi rauni a cikinsa yake bi. Bijimai 58 masu ƙarfi da guzuma 2, tafiyar guzuma za a yi. Jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙafafu sun fi Gudali jure doguwar hanya. Kuri na bakin tabkin Cadi, da zarar ya rabu da ruwa ya hau jigawa mai zafi, sai a yi ta lallashinsa. Kuma kowa ya san halin shanun da aka tsinto daga hannu daban-daban a kasuwa: ba su san juna ba, kwana biyun farko faɗa ne da waiwaye, wannan na neman komawa gida, wancan ya ƙi bin sahu. Ƙasar da ake takawa ma da nata. Rairayi mai zurfi yana cin ƙarfi, tsakuwa da marmara suna cin kofato, dabbar da ta fara ɗingishi kuwa ta rage wa kowa tafiya.

Mu yi lissafi tare

A ce mun gama saye a Bakin Birji, arewa da Damagaram, shanu kai 60, muna son cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Mu ƙaddara mun bi burtalin da yatsa a kan taswira, salula ta ba mu kilomita 200. Ta ce awa 40. Yaro mai gaggawa sai ya raba da awa 10 a yini, ya ce kwana 4.

Mu kuwa kilomita 200 ɗin kawai za mu karɓa daga hannunta, mu mayar mata da awoyinta. Mu raba 200 da 20, ya ba mu kwana 10 na tafiya. Bayan kowane kwana 4 ko 5 a yini wuri ɗaya mai ciyawa da ruwa, shanu su cika ciki, a duba ƙafafu, masu kora su yi wanki: kwana 2 ke nan, mun kai 12. A ware yini 1 na bakin iyaka, domin malaman dabbobi da 'yan duwan ba su aiki da agogonmu: 13. Sa'an nan kwana 2 na hutu kusa da kasuwa, a ba su harawa da dusa da kanwa, gashi ya kwanta, ciki ya fito: 15. Daga nan sai a ƙirga da baya daga ranar kasuwa. Wanda ke son shanunsa su tsaya a kara ranar Alhamis, ranar Laraba ta mako biyu kafin nan ya kamata su bar Bakin Birji. In damina ce ko farkon kaka, lokacin da ake ratsa gonaki a hankali, a raba da 15 maimakon 20, kwanakin tafiya su koma 13 ko 14.

Kullum daga ranar kasuwa ake fara ƙirga, a dawo baya. Wannan shi ne babban bambancinmu da mai yawon dutse. Shi in ya makara da awa 3, duhu ne kawai zai same shi a hanya. Mu in mun makara da yini ɗaya, muka iso Juma'a, to sai wata Alhamis, kwana 6 ke nan a tsaye. A ƙaddara abinci da ruwan kowane kai jaka 1 ne a yini; kowa ya sa farashin da ya sani a wurinsa. Kai 60 sau kwana 6, jaka 360 ta tafi, ba a sa ladan masu kora da abincinsu ba, ba a sa fushin mai bashi ba. In kuma aka ce a matsa wa shanu don a cim ma Alhamis ɗin, mai saye daga kudu ba makaho ba ne. Zai zagaya sa sau ɗaya, ya dubi haƙarƙari, ya taya abin da zai sa ka yi shiru.

Ruwa shi ne mai yanka zango

A nan ne muke son a daɗe, domin a nan lissafin takarda yake karyewa. Mun ce kilomita 20 a yini, amma mashaya ba a jere take kowace kilomita 20 ba. Wata rana rijiya tana kilomita 12, ta gaba da ita tana 27. Ba za ka kwana a kilomita 20 tsakiyar fako don lissafi ya daidaita ba. Ko ka tsaya a 12, ko ka yi sammako ka kai 27, in da farin wata ma a yi tafiyar dare. Saboda haka lissafin gaskiya daga mashaya zuwa mashaya ake yin sa, kowane tsakani da nasa awon. Ga aikin da salula ta iya ƙwarai: ka sa alama a kan kowace rijiya, tabki da fanfo da ka sani, ta gaya maka nisan da ke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya. Nan take za ka ga inda dogon zango yake, ka shirya masa tun daga gida, ka sa ranar hutu ta faɗo kafinsa ko bayansa.

Shayarwar kanta tana cin lokaci, kuma babu manhajar da ta san haka. Babban sa da zafi yana shan lita 30, wani ya fi. Kai 60 ke nan lita 1,800. In wasaki yana ɗaukar lita 40, sau 45 za a ja. A rijiya mai zurfi irin ta arewa, a ce kowane ja minti 3, ka ga awa 2 da kwata ta tafi, in kai kaɗai ne a bakin rijiyar. Yaushe kuwa bafatake ya taɓa zama shi kaɗai a bakin rijiya da rani? Akwai masu rijiya, akwai waɗanda suka riga ka, baƙo kuma sai an gama ake ba shi. Rabin yini ya wuce.

A yi hattara kuma da hoton sama. Shuɗin tabkin da ka gani a salula, ba ka san watan da aka ɗauki hoton ba. Mai yiwuwa na ƙarshen damina ne, kai kuwa a watan Maris za ka iso, ka tarar da busasshen laka ya tsattsage. Fanfon da ke kan taswira mai yiwuwa injinsa ya mutu tun bara. Maganin wannan tsohon magani ne: a kira wani na garin a tambaya kafin a tashi. Salular dai ita ce, amma wannan karo da baki za a yi aiki da ita.

Gonaki ma haka. A Nijar dokar Code Rural ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun kare burtali da mashaya, an kuma kafa duwatsun shaida a hanyoyi da yawa. Duk da haka kowa ya san wuraren da gona ta ci burtali har ya koma kamar zare, inda tilas shanu su bi ɗaya bayan ɗaya, masu kora suna gudu hagu da dama. Kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, kilomita 5 a irin wannan wuri ta fi 15 a daji wahala, ɓarna ɗaya kuma tana iya tsayar da garke kwana 2 a ƙofar mai gari. Taswirorin OpenStreetMap, waɗanda OsmAnd da Organic Maps ke aiki da su, 'yan sa kai ne ke zana su tun 2004. Titin mota da garuruwa sun shiga, amma yawancin burtalinmu babu wanda ya zana shi. In ka bar manhaja ta zaɓa maka hanya, kan kwalta za ta ɗora ka, ko ta ratsa da kai gonar mutane.

Batun iyaka ba sai mun tsawaita ba, kowa ya ɗanɗana. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A 2025, gab da Babbar Salla, hukumomin Nijar sun dakatar da fitar da dabbobi waje. Duk tsawon waɗannan lokuta salula tana nan tana cewa awa kaza. A tabbatar da halin da ake ciki a ofishin ƙungiya, a kuma haɗa takardun lafiya da na rigakafi tun kafin a sayi igiya. Masu lodin tirela ma kada su ce darasin bai shafe su ba. Awoyin da Google Maps ke bayarwa daga Kano zuwa Legas na ƙaramar mota ne, babu shinge a ciki, babu faci, babu tsayawa a tayar da san da ya kwanta kafin 'yan'uwansa su tattake shi.

Sai maganar tsaro. Gajeruwar hanya a taswira sau da yawa ita ce wadda kowa ya daina bi, kuma da dalili. Dazuzzukan iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara, da bakin Komadugu a jihar Diffa, ba wuraren gwada sabuwar hanya ba ne. In babban mai kora ya ce a zagaya, a zagaya, a ƙara kwanakin a lissafi.

Yadda za mu sa ta yi mana aiki

Ga wanda zai gwada, mu OsmAnd muka fi gamsuwa da ita don wannan aiki, ko da yake tana da wuyar sabo. Ana sauke taswirar ƙasa tun a gari inda akwai rezo, daga nan tana aiki a daji ba tare da intanet ba. Tana bari ka zana hanyarka da kanka, ɗigo bayan ɗigo, ta auna maka. Tana kuma bari ka canza saurin tafiya, ka sauke shi daga na mutum zuwa kilomita 3 a awa, sai awoyin da za ta ba ka su kusanci na shanu. Ka raba su da 6 ko 7, ka sami kwanakin tafiya, ka ƙara na hutu da na iyaka da hannunka. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ya yi masa, amma ya zauna kusa da shi, domin yaron ya san latsawa, uban ne ya san rijiyoyin.

Abin da ya fi duka amfani shi ne ɗaukar sawu. In aka kunna shi, salula tana rubuta duk inda aka taka, da lokacin tashi da na sauka. A ba babban mai kora ita a aljihu, a kashe kira don batir ya daɗe, a haɗa shi da ƙaramin faranti mai caji da hasken rana. In ya dawo, ga hanyar da shanu suka bi da ƙafarsu, ga awoyin da suka ci a kowane zango, ga inda aka yini ana jiran ruwa. Naismith da Tobler awon mutanensu suka yi a duwatsunsu. Mu ma in muka tara sawun tafiya 10 ko 20 a kan hanya ɗaya, na rani daban, na damina daban, za mu sami ƙa'idar da ta dace da shanunmu, wadda sabon bafatake zai duba kafin ya yi wa kowa alkawari. Ladan masu kora ma zai daina zama abin rigima, tun da kowa zai ga kwanakin da hanya take ci.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma muna roƙo a kiyaye shi. Kada a tura sawun nan a zaurukan WhatsApp, kada a sa hoton garke da sunan zangon da aka sauka alhali ana kan hanya. Takardar da ke nuna inda shanu 60 ke kwana da ranar da suke isa, ɓarawo ya fi kowa son ta. Wanda ya ɗauko sawu ya kawo wa sakataren reshensa hannu da hannu bayan an sayar, tare da adadin shanun, irinsu, watan da aka yi tafiyar, da mashayar da aka samu da ruwa da wadda aka tarar a bushe. Wanda ba ya da salular ma ya zo da bakinsa, za a rubuta.